Bin Sawun Laka Daga Gaɓar Muritaniya Zuwa Bremen

Ƙura ce ta fara tarbar mu tun kafin mu sa laka a ido. A safiyar da jirgin binciken ya tashi daga tashar Mindelo, a tsibirin São Vicente na ƙasar Cape Verde, cikin watan Janairu, hazo ya lulluɓe sararin sama har tsibirin Santo Antão, wanda ke tsallaken mashigin ruwa kuma ake ganinsa ɓaro-ɓaro idan gari ya washe, ya ɓace mana ɗungurungum. Na shafa yatsa a kan ƙarfen da ya kewaye bakin jirgin, sai ya fito da wani jan gari mai laushi. Farfesar da ke jagorantar tawagarmu, dattijuwa ce da ta shafe rabin rayuwarta tana ciro laka daga ƙasan teku, ta dubi yatsan ta ce kada in yi gaggawar gogewa, domin abin da muka fito nema ke nan. Wanda ke hannuna kwana biyu ko uku ke nan da ya baro Afirka, wanda za mu ciro kuwa ya baro ta tun shekaru dubbai.

Ni ɗalibi ne mai nazarin ƙasa da duwatsu, kuma gurbin da aka ba ni a jirgin na ƙaramin ma'aikaci ne, mai wanke kaya da rubuta lamba a jikin leda. Tambayar da ta fito da mu gajeriya ce: wannan lakar da ke kwance a ƙasan teku, daga ina ta zo? Babu lakar da ta tsiro a inda take. Wata iska ce ta kawo ta daga hamada, wata kogi ne ya zubar da ita, wata ƙanƙara ce ta yi dakonta, wata kuma ɓawon ƙananan halittu ne da suka rayu a saman ruwa suka mutu suka nutse. Tana taruwa sannu a hankali, ta bana a kan ta bara, ta yadda duk wanda ya soka bututu ya ciro ta a jere, ya ciro tarihi a jere. In har ya iya gane asalin kowane shimfiɗi, ya san inda iska ta kaɗa da inda ruwan sama ya zuba a wancan zamani.

Ba mu ne farkon masu yin wannan tambaya a wannan ruwa ba. A watan Janairun 1832 jirgin Beagle ya iso tsibiran nan ɗauke da Charles Darwin, wanda ya lura da irin wannan hazo ya kuma tara ƙurar da ta sauka a jirgi. Daga baya ya aika wa Christian Ehrenberg, masanin ƙananan halittu a Berlin, ƙunshi biyar na ƙurar da ta faɗa a jiragen ruwa, shi kuwa da ya duba ta a madubin ƙara girma ya ƙirga nau'o'in halittu 67, kuma kusan dukan ƙananan halittun ruwan da ke ciki na ruwan daɗi ne. Halittar tafki a tsakiyar ruwan gishiri abin ɗaure kai ne a wancan lokaci. A yau an san cewa iska tana kwasar irin waɗannan ɓawo daga busassun tafkunan Sahara, kuma mafi shahara a cikinsu shi ne kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, wanda a da can yake ƙarƙashin wani makeken tafki mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 350,000.

Kwana biyu muka yi muna tafiya arewa maso gabas, muna fuskantar iska. Ranar farko ban amfani kowa ba, domin jiri da tashin zuciya sun kwantar da ni. A rana ta biyu da na fito farfajiyar jirgi na tarar ruwan ya sauya kama, ya bar shuɗin nan mai haske ya koma kore mai duhu, iska ta yi sanyi, ga tsuntsaye da jiragen kamun kifi ta ko'ina. Dalili shi ne iskar arewa maso gabas tana ture ruwan sama-sama daga gaɓar Muritaniya, sai ruwan ƙasa mai sanyi da yalwar abin gina jiki ya taso ya maye gurbinsa. Wannan yalwa ita ce ta sa laka take taruwa da sauri a nan. A tsakiyar teku mai zurfi akwai wuraren da shekara 1,000 ba ta tara fiye da 'yan milimita, amma a wannan gaɓa takan tara abin da ya kusa santimita 20, kuma mai karatun tarihi ya fi son littafin da shafukansa ba su manne da juna ba.

Kafin a jefa komai cikin ruwa sai an yi leƙe. Jirgin yana da na'urar da ke aika sauti zuwa ƙasa ta saurari amsa-kuwwarsa, sautin kuma yana ratsa lakar mita da dama, sai a ga shimfiɗunta a allon kwamfuta kamar layukan takarda. Abin da ake nema shi ne wurin da layukan suka kwanta lafiya, ɗaya a kan ɗaya. Inda suka cakuɗe alama ce ta cewa laka ta taɓa zaftarewa daga gangare ta haɗa tsoho da sabo, kuma irin wannan wuri ba ya ba da labarin da za a dogara da shi. Mun kwana muna kai da komowa kafin Farfesa ta ɗora yatsa a allon ta ce a tsaya.

Kayan aikin ba shi da wani sarƙaƙiya: dogon bututun ƙarfe ne mai bututun roba a ciki, an ɗora masa nauyin da ya haura tan guda a ka, a bakinsa kuma akwai wasu haƙoran ƙarfe masu barin laka ta shiga su hana ta fita. Ana zura shi da igiyar ƙarfe, mita guda a kowace daƙiƙa, saboda haka zurfin mita 2,000 da ɗoriya yakan ci kusan minti 40. Ba wanda ke ganin abin da ke faruwa a ƙasa. Ido yana kan ma'aunin nauyin igiya ne kawai, wanda yake faɗuwa idan bututun ya nutse cikin laka, ya kuma yi tsalle idan aka fara tumɓuke shi. Jifar farko ba ta yi kyau ba, domin bututun ya ci karo da shimfiɗin yashi mai tauri ya dawo a lanƙwashe, abin da ma'aikatan jirgi ke kira ayaba, suka yi ta dariya suna kwance shi. Aka matsa gaba kaɗan aka sake jefawa da tsakar dare, wannan karon ya fito a miƙe, laka ta shafe jikinsa har kusa da wuya.

Aka zare bututun roba, aka yanka shi mita-mita, aka toshe bakunan, ni kuma na bi kowane yanki ina rubuta lamba da kibiya mai nuna sama. Wannan kibiya ita ce mafi girman amanar da aka ba ni a tafiyar, domin yankin da aka juya kansa ƙasa zai sa fari ya riga damina a lissafin wanda zai yi nazari bayan shekara ashirin. Washegari aka tsaga kowane yanki gida biyu a tsaye, rabi na aiki, rabi na ajiya wanda ba a taɓawa. Wari irin na ruɓaɓɓen ƙwai ya cika ɗakin. Lakar kore ce mai duhu, kuma a idona duk ɗaya take, sai da aka nuna mini inda ta ɗan yi haske, inda ta ɗan yi ja, da zagayayyun tabo na ramukan tsutsotsin da suka taɓa rayuwa a ciki suna gauraya ta.

Farfesa ta lakuto ɗan kaɗan da tsinke, ta shafa a gilashi da ɗigon ruwa, ta tura mini madubin. Na ga ɓawon foraminifera, wasu ƙananan halittun teku, kamar ƙananan ƙwallaye a manne, na ga ɓawon dayatom, wasu ƙananan tsirran ruwa, masu kama da rariya, sannan ga ƙwayoyin dutsen kwaz masu kusurwa, wasunsu da jan tsatsa a jiki. Na ce, "Farfesa, ai wannan ja irin wanda na shafo a Mindelo ne." Ta ce ya yi kama, amma kama da wane ba ta wane. Kogin Senegal ma yana kawo jar laka, igiyar ruwa tana iya kwaso ta daga wani wuri, kuma wanda ya ce ƙura ce alhali lakar kogi ce ya mayar da shekarun ruwa shekarun fari. Wannan gyara da ta yi mini shi ne ainihin sana'ar, kuma sauran kwanakin jirgin a kansa na yi su.

Shaidar farko girman ƙwaya ne. A wannan gaɓa ƙurar da iska ke kawowa ta fi lakar kogi kauri, domin kogi yana sauke yashinsa a bakin teku, abin da ke isa can ciki sai yumɓu mai laushi. Shaida ta biyu sinadarai ne: ƙasar da ruwan sama ya daɗe yana wankewa, irin ta kudu inda kogin Senegal ya samo asali, takan rasa fotasiyam ta rage da ƙarfe da alminiyam, ita kuwa ƙurar hamada ba ta sha wannan wanki ba. Shi kansa yumɓu iri-iri ne, wanda ake kira ilait ya fi yawa a ƙurar arewacin Sahara, kawolin kuma yana ƙaruwa yayin da aka gangaro Sahel. Shaidar da ta fi burge ni ita ce ta aisotof, wato 'yan'uwan sinadari guda waɗanda nauyinsu ya ɗan bambanta. Samariyam yana rikiɗewa a hankali ya zama wani nau'i na niyodimiyam, rubidiyam kuma ya zama wani nau'i na sitirontiyam, saboda haka kowane dutse yana ɗauke da tambari gwargwadon shekarunsa da asalinsa. Tsofaffin duwatsun Reguibat na arewacin Muritaniya, waɗanda wasunsu suka kai shekara biliyan 3, tambarinsu daban yake da na duwatsun aman wuta na Tibesti a Chadi ko na Habasha, kuma ko an niƙe dutse ya zama gari tambarin niyodimiyam ba ya gogewa. Na sitirontiyam yana da ha'inci, domin yana sauyawa da girman ƙwaya ko da asali ɗaya ne, shi ya sa ba a yanke hukunci da shi shi kaɗai. Shekarun kowane shimfiɗi kuwa daga ɓawon foraminifera ake samo su ta hanyar awon kabon 14, wanda ke aiki har zuwa kimanin shekara 50,000 baya.

Wurin da muke ba shi da nisa da wani rami da ya yi suna a wannan fanni, mai lamba 658, wanda jirgin JOIDES Resolution ya haƙa a 1986 yamma da Ras Nouadhibou da ke gaɓar arewacin Muritaniya. Daga lakar wannan rami ne Peter deMenocal da abokan aikinsa suka nuna a shekarar 2000 cewa ƙurar da ke sauka a teku ta ragu ƙwarai tsakanin kimanin shekara 14,800 da 5,500 da suka wuce, sannan ta dawo da ƙarfi cikin 'yan ƙarnuka. Wannan shi ne zamanin da Sahara take da ciyayi da tafkuna. Musabbabinsa yana sama: sandar da duniya ke juyawa a kanta tana layi a hankali, zagaye guda cikin kimanin shekara 21,000, kuma a wancan lokaci hasken rana na bazara a arewacin duniya ya fi na yau da kusan kashi 7 cikin 100, abin da ya ja iskar damina ta shige can cikin hamada. Sai dai batun saurin ƙarewar zamanin bai samu amincewar kowa ba, domin lakar tafkin Yoa da ke arewacin Chadi, wadda Stefan Kröpelin da tawagarsa suka bayyana a 2008, ta nuna bushewa ta sannu-sannu. A ganina shaidun biyu ba su ƙaryata juna ba. Rami guda a teku yana karɓar ƙurar yankin da iska ta biyo ne, kuma ba dole ba ne gabashin Sahara da yammacinta su bushe rana ɗaya.

Wani dare muna gangarawa kudu aka kira mu ɗakin na'urori mu ga abin da ke wucewa ƙarƙashinmu. Ƙasan tekun ya tsage ya zama kwazazzabo mai lanƙwasa kamar maciji. Kwazazzabon Cap Timiris ke nan, wanda jirgin binciken Jamus mai suna Meteor ya gano a 2003, tsawonsa ya kai kimanin kilomita 400. Siffarsa ta hanyar kogi ce, alhali a gaɓar da ke daura da shi babu komai sai rairayi. A 2015 hotunan rada daga tauraron ɗan'adam suka nuna tsohuwar hanyar ruwa binne a ƙarƙashin rairayin, ta nufo bakin kwazazzabon kai tsaye, kuma ana danganta ta da wani babban kogi da ake kira Tamanrasset, wanda ake ganin ya taso daga tsaunukan Hoggar da na Atlas. Lakar kogi mai laushi da ake samu a wasu shimfiɗu na wannan gaɓa ta riga hotunan ba da labarinsa.

Ba tsohon tarihi kaɗai lakar ke riƙe da shi ba. Akwai wata na'ura mai gajerun bututu da yawa wadda ke sauka a hankali don ta ɗauko saman lakar ba tare da ta dama shi ba. Daga laka mai saurin taruwa kusa da bakin kogin Senegal ne Stefan Mulitza da abokansa suka nuna a 2010 cewa ƙura ta ƙaru sosai tun kimanin shekara 200 da suka wuce, daidai lokacin da noman kasuwa ya bunƙasa a Sahel aka share filaye. Na daɗe ina duban tafin hannu guda na saman lakarmu bayan na ji wannan.

Bayan wata huɗu na bi lakar zuwa Bremen a arewacin Jamus, inda aka kai ta cikin kwantena mai sanyi. Jirgin ƙasa na cikin gari mai lamba 6 yana ɗaukar mutum daga filin jirgin sama har jami'a, inda cibiyar binciken teku ta MARUM take. A can ne ɗaya daga cikin manyan rumbuna uku na shirin haƙar teku na ƙasa da ƙasa yake, sauran biyun suna College Station a Amurka da Kochi a Japan. Na Bremen shi ke riƙe da abin da aka ciro daga Atalantika da tekun Aktik da Bahar Rum da Baƙin Teku, tsawon da ya haura kilomita 150 in an jera. Sanyin ɗakin yana kan digiri 4 na ma'aunin Salsiyas dare da rana don kada lakar ta bushe ko ta yi fumfuna, kantoci sun tashi har rufi, kowanne cike da dogayen akwatunan roba masu lamba a baki. Sai da na ari rigar sanyi kafin in iya tsayawa minti goma.

A nan ne Farfesa ta nemi a fito mana da wata sandar laka daga arewacin Atalantika, wajen digiri 50 arewa da ikwaita, nesa da kowace gaɓa. Galibinta fara-fara ce mai laushi, ta ɓawon halittu, amma a wasu wurare akwai siraran shimfiɗu masu yashi da tsakuwa, har ana ganin ƙwayoyin da ido. Iska ba ta ɗaukar tsakuwa, kogi kuma ba ya kai ta tsakiyar teku. Abu ɗaya ne ke iya wannan dako, wato ƙanƙarar da ta kankare dutse a tudu, ta ɓalle ta faɗa teku ta yi ta yawo tana narkewa tana zubar da kayanta. Hartmut Heinrich ne ya bayyana waɗannan shimfiɗu a 1988, guda shida a cikin zamanin ƙanƙara na ƙarshe, kuma da sunansa ake kiransu. Asalinsu ma an bi shi. Yawancinsu cike suke da gutsattsarin farar ƙasa irin wadda ke shimfiɗe a ƙarƙashin mashigin Hudson na Kanada, kuma da Sidney Hemming ta auna shekarun ƙwayoyin wani baƙin ma'adini da ke cikinsu ta samu kimanin shekara biliyan 1.8, daidai da duwatsun da suka kewaye mashigin. Kaurin shimfiɗun ma yana raguwa daga tekun Labrador zuwa gabas, kamar hatsin da ke zuba daga hujajjen buhu.

Sai ta sa aka ajiye rabin sandarmu ta Muritaniya a tebur ɗaya da wannan, ta ce in duba su tare. Na ƙarshe a cikin shimfiɗun Heinrich ya kwanta ne kimanin shekara 17,000 zuwa 16,000 da suka wuce, kuma nazarin lakar gaɓar Senegal da Muritaniya ya nuna cewa a waɗannan shekaru ne ƙura ta yi yawan da ba a saba gani ba, lakar kogi kuma ta ja baya. Igiyar da ta ɗaure su ita ce zagayen ruwan Atalantika. Ruwa mai ɗumi da gishiri yana tafiya arewa ta sama, ya huce ya yi nauyi a wajen Girinlan, ya nutse ya komo kudu ta ƙasa. Ƙanƙarar da ta narke ruwan daɗi ce, marar nauyi, saboda haka ta hana nutsewar, zagayen ya yi rauni, arewacin tekun ya yi sanyi, layin ruwan sama na yankin zafi ya ja kudu, Sahel ta bushe, iskar arewa maso gabas ta ƙara ƙarfi. Shi kansa raunin zagayen yana da shaida a laka, domin ruwan ƙasan teku yana barin tambarin niyodimiyam ɗinsa a tsatsar da ke lulluɓe ƙwayoyi da kuma haƙoran kifi, ta haka ake gane ko ruwan arewa ne ya ratsa wurin ko na kudu. Na tsaya tsakanin tsakuwar Kanada da ƙurar Sahara, tazarar tafin hannu biyu a kan tebur, dubban kilomita a teku, kuma a lokacin ne na daina ganin aikin rubuta lamba a leda a matsayin ƙaramin aiki.

Sauran makon a ɗibar samfur ya ƙare. Da farko aka bi ta kan sandar da na'urar hasken eksre mai karanta sinadarai santimita bayan santimita ba tare da ta taɓa lakar ba, layin ƙarfe da fotasiyam ya fito a allo yana hawa yana sauka, muka zaɓi wuraren da ya yi tsalle. Daga nan na riƙa soka ƙaramin bututun roba a rabin aiki, in zaro, in sa a leda, in rubuta zurfi, in toshe ramin da soso don kada gefen ya rufta. Rabin kowane samfur za a wanke shi a rariya mai ido mikiron 63, wato ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, a tsince foraminifera don awon shekaru, sauran kuma a narkar da farar ƙasar da ke ciki da ruwan asid, a bar zallar abin da ya zo daga tudu don awon niyodimiyam. Ranar Juma'a da yamma na ƙirga ledoji 84, ma'aikacin rumbun ya duba lambobina ɗaya bayan ɗaya ya sa hannu, sannan muka mayar da sandar cikin akwatinta, kibiya tana duban sama, muka tura ta cikin kanta na huɗu daga ƙasa.